Tabawa Ta Bar Masa Ɗakunansa

Shafi na 23

Jama'a, na ga saƙonninku duka. Har da wadda ta rantse in na bari aka watsar da tukwanen Tabawa a titi ba za ta sake karanta ni ba. Ki kwantar da hankalinki, 'yar uwa, ki jawo kujera. Wannan shafin na masu zaman haya ne, duk wanda mai gida ya taɓa buga masa ƙofa kafin ya wanke fuska.

*

Wa'adin da Alkasum ya ɗibar wa 'yan hayar gidansa na unguwar Dagmanet a Agadas yau ya cika. Kun dai tuna sharaɗin: ɗakin da ake biyan jika ɗaya da rabi, wato sefa dubu da ɗari biyar, a wata ya koma jika biyar, wanda ba zai iya ba ya kwashe komatsansa. A cikin farin nan na shekarar tamanin da huɗu, da mutum ke bin layin jar dawar taimako tun safe ya dawo da rabin tiya, wa ke da jika biyar ta ɗaki?

Tabawa mai kunu, wadda ta fi kowa daɗewa a gidan, tana zaune bisa kifaffen turmi a tsakar gida. Ta ɗaura zanenta na Sallah, ta rambaɗa kwalli. A gefenta mijinta Malam Sule, tsohon maginin da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar, yana jingine da bango bisa tabarma. Ƙofofin ɗakunan duk a rufe, gidan tsit, ko kukan yaro babu.

Adon dai a jiki ya tsaya. Tun asuba hankalinta na kan ƙofa, don yau ko ta fita da mutuncinta ko ta zama abin labarin unguwa.

Hantsi na dubawa sai ga Alkasum ya faɗo da sallama a taƙaice, yana kaɗa carbi. A bayansa Inoussa ne, wanda ya yi shekaru yana kuku a gidan Nasaran uranium, da suka tattara suka tafi ya wayi gari dillalin ɗakuna. Shi ne ya bi masu gidajen Dagmanet ɗaya bayan ɗaya yana hura musu kunne cewa kuɗin haya ya yi arha.

"Alhaji, an kwana lahiya?" in ji Tabawa. "Ya iyali? Ya gajiya? Ya muka ji da zahin nan?"

"Tabawa, ba gaisuwa ta kawo ni ba."

Tabawa. Haka, gatsau. Yaron da ta sha goya wa a bayanta uwarsa na daka, yau Innar ma ta yi masa nauyi a baki.

"Na sani," ta ce. "Amma ubanka, Allah shi jiƙan shi, ko gobara ta kawo shi gidan nan sai ya gaishe ni."

"Yau wata ya mutu. Jika biyar-biyar, ko makullaina."

Inoussa ya gyara zaman hularsa ya matso.

"Inna, ba mugunta ba ce, c'est le marché, kasuwa ce. Gari ya cika maƙil. Duk wanda raƙumansa suka mutu a daji ya shigo Agadas. Ki leƙa bayan gari ki ga mutane. Yanzu ɗaki zinariya ne! Ni da ke gabanki ina da mutum ashirin da ke jira, kuɗinsu a hannu."

"Ashirin," Tabawa ta maimaita. "Ma sha Allah."

"Kuma kar ki ce za ki yi mani taurin kai," in ji Alkasum. "Zamanin soja ne. Kalma ɗaya zan kai, a zo a watsa maki tukwanenki a titi."

"Soja na can na rabon dawa, Alhaji. Bar su su ji da yunwar mutane."

Ta dafa gwiwa ta miƙe. Ba ta yi sauri ba. Ta nufi ɗakin farko, na Lawali tela, ta tura ƙofar da tafin hannu.

Wayam.

An share shi tas, har da yayyafin ruwa. Ko guntun zare babu a ƙasa.

Ta tura na Balki mai ƙosai. Wayam. Ta tura na gaba, da na gabansa. Duk ƙofar da ta buɗe sai ta bar ta a hangame ta wuce, Alkasum na biye da ita baki sake, carbin ya daina juyawa a hannunsa.

Nata ɗakin ta bari ƙarshe. Ga shatin yatsun Malam Sule a jikin bango, inda yake yaɓe duk shekara tun yana da ƙarfinsa, ba wanda ya taɓa biyansa ko dala. A ɗakin nan ta haifi 'ya'yanta, a ɗakin nan aka yi wa biyu daga cikinsu wanka aka tafi da su. Zuciyarta ta karye, wannan kam ba ta yi wa kanta ƙarya ba. Amma ta haɗiye abin ta tura ƙofar, don ta riga ta rantse Alkasum ba zai ga hawayenta ba.

Ta kwance ƙullin bakin zanenta, ta fito da makullai a ɗaure da tsumma, ta miƙa masa.

"Tun da aka sallame asuba amalanke ke jigila. Ni da Malam muka tsaya don mu ba ka amanarka hannu da hannu, kar a ce mun gudu. Ƙidaya."

Bai ƙidaya ba. Tabawa ta san abin da ya shirya ya zo da shi. Ya zo ne a durƙusa masa, a yi kuka, a haɗa shi da Allah da kabarin ubansa, sannan ya yi gyaran murya ya ce to jika huɗu saboda zumunci, a bi shi da godiya. Ga shi ba wanda ya durƙusa, sai ɗakuna da suka buɗe baki suna kallonsa.

Ya yi ta maza ya ƙyalƙyale da dariya.

"To madalla! Kun hutar da ni. Inoussa, shigo da mutanenka."

"Tout de suite, patron!"

Inoussa ya fita da sauri har babbar rigarsa na kama ƙofa. Jim kaɗan ya dawo. Mutum ashirin ɗin nan dai da Tabawa ta duba, biyu ne: wani dattijo Ba'abzine dogo, fari ya tsotse shi, ya ja amawali har ƙarƙashin ido, sai wata dattijuwa a bayansa cikin baƙin mayafi da ya koɗe. Tabawa ta gane ta. Aissa ce, tana sayen kunu wurinta a bakin zangon da makiyaya suka kafa bayan gari. Dattijon mijinta ne, Illo.

"Sauran na waje, patron," in ji Inoussa. "Waɗannan su ne manyansu. Baba, voilà, ga ɗakunan da na gaya maka. Zaɓi wanda ranka ke so."

Illo bai motsa ba. Ya dai ɗan kauce ya ba matarsa hanya.

Aissa ta taka a hankali zuwa ɗakin Lawali. Ta sunkuya ta leƙa. Ta sa ƙafa ɗaya ciki, ta ɗaga kai ta kalli azarar goruba da ƙasar da aka ɗora mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta janye ƙafarta.

"Iska ta ina take shiga?" ta tambaya da Hausarta mai nauyi.

"Ga taga nan, madame."

"Wannan? Ko kan akuya ba ya wucewa."

"Ai da sanyi za ki gode mani. Diba bangon nan, kauri gare shi!"

Ta girgiza kai.

"Ƙasa a sama, ƙasa a ƙasa, ƙasa ko ta ina. Yaro, ban mutu ba tukuna."

Tabawa ta kai gefen mayafinta baki. Wallahi ba ta so yin dariya ba, tahowa ta yi da kanta.

"Ina da ɗakina," Aissa ta ci gaba. "Uwata ta saƙa tabarminsa, ni na ɗinke su. Raƙuma sun mutu, awaki sun mutu, ɗakin bai mutu ba. Yana waje bisa jaki. Abin da nake nema katanga, wurin da zan kafa shi iska ba ta kwashe shi ba, ɓarawo bai shigo ba." Ta nuna tsakar gidan da haɓa. "Wannan hilin, nawa?"

Inoussa ya juya wurin dattijon, zufa ta fara tsattsafo masa.

"Haba Baba! Ba da kai muka yi magana a kasuwar bisashe ba? Ba kai ka ce za ku shiga ba?"

Illo ya ƙara jan amawalinsa sama.

"Ka tambaye ni, na ce sai mun gani. Ga shi mun gani." Ya dubi matarsa. "Ɗaki na mace ne, ɗana. Ni baƙo ne a cikinsa."

"Sauran fa?" Alkasum ya katse shi, muryarsa ta sirance. "Sauran da ke waje?"

"Matansu na jiran abin da Aissa za ta ce," in ji Illo.

Aissa kuwa har ta gyara mayafi.

Ni abin da ke ba ni mamaki, Alkasum haifaffen Agadas ne. Tun yana yawo ba wando ya san mutumin daji ba ya ce maka a'a a tsakiyar kasuwa, kunya ba za ta bar shi ba. Ya kuma san tantin tabarma kayan mace ne, da shi take zuwa gidan aure, da shi take tafiya in an ɓata. Inoussa ne baƙo, shi a madafar Nasara ya ƙare ƙuruciyarsa. Amma da jika biyar-biyar ta shiga kan Alkasum sai ta kori duk abin da ya sani, ya bar dillali ya yi ciniki da maza a kan abin da ba nasu ba.

"Gidana ba zango ba ne!" ya daka tsawa. "Ba wanda zai kafa mani tanti a tsakar gida!"

Aissa ta dube shi sama da ƙasa. Ta juya za ta fita, Tabawa ta riƙo hannunta.

"'Yar uwa, ki bi layin nan har ƙarshe, akwai kango mai jar ƙofa, katangarsa tsaye take. Na Amadou mai gishiri ne. Ki ce Tabawa ta aiko ki, ba zai tsawwala maki ba."

"Allah shi rufa maki asiri."

"Amin, mu duka."

Suna fita Alkasum ya yi kan Inoussa.

"Ina mutum ashirin ɗin? Ina kuɗin da ke hannu? Kai ka ce in na kore su da sahe, kahin azahar na cika gidan!"

"Patron, attendez, akwai direbobin projet, aikin nan na Nasara, an ce suna tahe..."

"Tun watan jiya suke tahe!"

"Alhaji," in ji Tabawa. Ta koma bisa turminta ta zauna, ta harɗe hannu. "Ba ni amsa, tun yaushe rabonka da ka bi layin nan da ƙafa, ba cikin mota ba?"

Ta nuna ƙofar gida da hannu.

"Ka bi yau, ka duba kwaɗon da ke rataye a ƙofohi. Amadou mai gishiri shi ya fara jin maganar wannan bawan Allah, ya ƙara kuɗi. Ɗaki shida gare shi, biyar a kulle, na shidan awakinsa ke kwana ciki. Gidan bayan masallaci haka. Na kusa da rijiya haka. Mutane ba su ƙaru da kuɗi ba, Alhaji, matsuwa suka yi. Wa ya koma wurin ƙane, ɗiya ta koma ɗakin uwa, mutum takwas a ɗaki guda. Gari ya cika da kawuna, gaskiya ne. Amma kai ka ƙidaya kawuna, ba ka leƙa aljihu ba."

Alkasum ya kalli ɗakunan. Ya kalli makullan da ke hannunsa. Ya share wuya da hannun riga.

"Inna Tabawa."

"Na'am? Yau kuma na koma Inna?"

"Inna, a bar wasa. Ki aika su dawo. Jika uku."

"A'a."

"Biyu. Don darajar Malam."

"Darajar Malam tana nan ranar da ka ce za a watsa mashi tabarma a titi."

"To ku dawo yadda kuke! Ɗaya da rabin, ban ƙara ko dala ba!"

Daɗin da Tabawa ta ji a lokacin, sai wanda aka taɓa wulaƙantawa a kan ɗaki zai gane shi. Wata guda cur ba ta yi barcin kirki ba, tana juyi tana tunanin inda za ta kwantar da mutumin da ba ya iya tashi da kansa. Ga shi yau mai gidan ne ke ciniki da kansa, yana ragewa ba wanda ya taya.

Sai Malam Sule ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Maganarsa ba ta fita sosai tun da ciwon ya same shi, kowa ya yi shiru don a ji.

"Soron... gabas," ya ce da ƙyar. "Ya tsage. A yaɓe shi... kahin Allah shi kawo ruwa."

"Ka ji," in ji Tabawa. "Ka kore shi, yana tuna maka soronka. Ka nemi magini, wannan karon da kuɗinka. Kuma ka riƙa leƙowa. Gidan ƙasa in ba mutum a ciki gara ce ke shiga haya, ita kuwa ba ta biya."

"Wai ina za ku?" Alkasum ya fashe. "Ina za ku da ya hi nan? Bukka za ku kafa a cikin kori, inda ruwa ke bi? Gida bakwai, da tsoho marar lahiya, wa zai karɓe ku?"

Wannan tambayar take jira tun safe.

Ta sa hannu a wuyanta ta jawo wani zare. A ƙarshensa makulli ne guda, fari, mai sheƙi, ba irin na kwaɗon kasuwa ba. Ta ɗaga shi rana ta haske shi.

"Ka gane irin wannan?"

Inoussa ne ya riga shi.

"Wannan ai makullin villa ne, irin gidan da Nasara ke haya!"

"Ashe kukun Nasara bai manta ba. Alhaji, ka tuna ranar da na same ka a shagonka? Na ce maka villarka ta hanyar hilin jirgi tun da Nasara suka tahi take kulle, ka ba mu mu shiga, kowa shi biya abin da ya saba. Mi ka ce mani?"

Alkasum ya kau da kai.

"Ka yi dariya har da buga tebur. Ka ce villa ba ta masu kunu ba ce. Ka ce ko shekara goma za ka jira Nasara su dawo. Na ce to. Na hito, na tsallaka titi."

"Wa ya ba ki makullin nan?"

"Layin nan naku, in ka ɗauki villa goma, bakwai a kulle suke. Wadda ake biya jika tamanin da, an sauke ta talatin, ko mai tayawa babu. Ka ga kuwa ba kai kaɗai ke da ƙofa ba."

"Na ce wa ya ba ki?"

"Hajiya Kadidia."

Carbin ya suɓuce ya faɗi ƙasa.

"Yaya Kadidia?"

"Ita. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Hajiya Kadidia, ga wanda bai san ta ba, ita ce babbar yayar Alkasum, 'yar kasuwar da dabino da gishirin Fachi ke sauka a hannunta tun ayari na ayari. Villa biyu gare ta, suna kallon ta ƙanenta.

"Na same ta tana faɗa da mai gadi," in ji Tabawa. "Ɓarayi sun cire mata ƙofar baya yana barci. Itacen lemun da ta dasa ya fara bushewa. Na ce Hajiya, kina biyan mutum shi yi maki barci, mu kuwa za mu biya ki mu yi maki gadi. Kowace villa ɗaki uku da falo, ki raba muna. Mu share, mu ba itace ruwan wanke-wanke, ɓarawo shi hango hayaƙi shi wuce. Ba kuɗin Nasara ba ne, amma ya hi iska."

"Ta yarda? Yaya ta yarda a hura mata itace a villa?"

"Tambaya ɗaya ta yi mani. Ta ce, Alkasum ya sani? Na ce a'a. Ta yi dariya har sai da ta yi tari, ta ce a miƙo makullai." Tabawa ta mayar da zaren cikin riga. "Af, har da saƙo. Ta ce in ka gaji da jiran Nasara, ka zo ta koya maka haya."

Alkasum ya duƙa zai ɗauki carbi, makullan suka zube. Inoussa kuwa ya jingina da bango, fuskarsa ta yi fari fat, ya zura wa ɗakunan ido kamar shi aka kora. A lokacin Tabawa ba ta kawo komai a ranta ba, ta ɗauka kunya ce.

Aka yi sallama daga zaure. Lawali tela ne ya dawo da amalanken ƙarshe. Shi da mai jakin suka ɗauki Malam Sule da tabarmarsa cak, suka shimfiɗa shi a kan katifa, Tabawa ta sa aka ɗora turminta. A bakin ƙofa ta tsaya ta waiwaya.

"Mun sha inuwar ubanka shekara da shekaru, ba mu manta ba. Abin da muka yi maka ba daidai ba, ka yahe muna. Sai wata rana, Alhaji."

Ashe matan layin duk suna laɓe a zaurukansu suna saurare. Amalanken na motsawa wata ta rangaɗa guɗa, wata ta karɓa daga can ƙarshen layi. Tabawa na tafe a gefen jaki, zanen Sallah na ƙara, kai a sama. Wata motar soja shaƙe da buhunan dawa ta tsaya ta ba su hanya, direban na leƙowa yana neman amaryar.

*

Kafin azahar villar Hajiya ta zama gida. Lawali ya kafa kekensa a garejin da Nasara ke ajiye mota. Balki ta jera murhunta a ƙarƙashin itacen lemu, tana ta taka daɓen falo da tafin ƙafa tana cewa, "Inna, ji sanyi, wallahi kamar randa!" An kwantar da Malam Sule a ɗakin da ke kallon arewa. Ya miƙa hannu ya shafa bangon siminti, ya ƙwanƙwasa shi, ya taɓe baki.

"Aikin... gaggawa," ya ce. "Amma zai yi."

Tabawa ta shiga madafa ita kaɗai. Ga famfo a jikin bango. Ita da ta ƙare ƙarfinta a layin rijiya, tulu a ka, tana faɗa da masu garuwa a kan guga ɗaya. Ta murɗa shi a tsorace. Ya yi tari, ya yi shiru, sannan ruwa ya zubo siriri, da ɗumi. Ta tara hannu biyu. A nan ne kukan da ta hana Alkasum gani ya ƙwace mata, ta yi shi son ranta, tana yi tana hamdala.

Labari kuwa ya riga ya zaga Dagmanet. Kafin la'asar mata biyu sun zo, su ma masu gidajensu sun ƙara musu kuɗi. Tabawa ta ce su ba ta zuwa jibi, Hajiya na da ƙawaye masu villa a kulle, za ta bi su ɗaya bayan ɗaya. A nan dai an cika. Abin da ya rage ɗakin boyi ne guda a bayan gida, Hajiya ta ce ta sa duk wanda ta yarda da shi.

Ana idar da la'asar aka sake buga ƙofar ƙarfen.

Balki ta je ta buɗe. Sai muryarta ta tashi.

"La'ilaha illallahu! Inna, zo ki ga ikon Allah!"

Tabawa ta fito tana goge hannu.

Inoussa ne. Ba babbar rigar safe, ba hula. Tabarma a hammata, buta a hannu. A bayansa matarsa Ramatou ce da tsohon ciki, ƙullin kaya a ka, ƙafafunta sun kumbura sun yi futu-futu da ƙura.

"Mi ya faru?" in ji Tabawa.

Ya kasa ɗaga ido. Ramatou ce ta amsa, muryarta a dushe.

"Mu ma haya muke, Inna. Mai gidan da muke ciki a bakin mijina ya ji ɗaki ya kai jika biyar. Ya ce tunda kai ka faɗa, kai za ka fara biya. Yau wa'adinmu ya cika. Da la'adar gidan Alhaji Alkasum mijina ya so shi biya."

"La'adar korarmu," in ji Balki, ta riƙe ƙugu. "Inna, wallahi in kika ba shi ɗakin nan ban yahe ba! Shi ya sa na kwana ina kuka da marayuna! Shi!"

Lawali ya bar keke ya fito. Sauran 'yan gidan suka taru a bayan Tabawa. Ramatou ta sauke ƙullin a hankali, ta dafa ƙarfen ƙofa da hannu ɗaya, ɗayan a ƙasan mararta.

Inoussa ya durƙusa. A cikin ƙura, a gaban kowa.

"Inna," ya ce, kuma ko kalmar Faransanci ɗaya babu a bakinsa, "an ce akwai ɗaki guda. Nawa ne?"

Tabawa ta dubi cikin Ramatou. Ta dubi Balki, wadda idonta ya kawo ruwa don haushi. Sannan ta sauke ido kan mutumin da ke durƙushe, ta ciro makullin ɗakin boyin daga bakin zanenta, ta riƙe shi inda zai gan shi da kyau.

"Dillali," ta ce, "ai kai ka san kasuwa. Faɗi."